Shekarar da Na Yi wa Bawku Sallama

Nafisa, kina barcin rana a gefena nake rubuta wannan, hannunki ɗaya a kan kunnenki kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Za a ce ban kai shekarun rubuta tarihin rayuwa ba, kuma gaskiya ne, ko furfura ɗaya ban yi ba. Amma na lura a gidanmu labari yana saurin daskarewa. Tun yanzu kakarki tana gaya wa baƙi cewa 'yarta ce ta ceci tsuntsayen Bawku har Turawa suka aiko aka ɗauke ta. Kafin ki yi wayo, wannan za ki tarar, kamar tuwon jiya da ya riga ya ɗauki siffar kwano. Shi ya sa nake so ki ji daga bakina tun da sauran ɗuminsa.

A Yendi na tashi, a gidan da sautin karatu yake riga hayaƙin murhu tashi. Kakanki, Malam Haruna, yana da zaure cike da littattafai da manyan ɗalibai masu gemu, waɗanda suke zuwa a kan moto, wato babur, su jingine shi a gindin dogonyaro. Kakarki, wadda duk muke kira Mma, 'yar Salaga ce, jikar fataken goro. Ni kuwa yarinya ce mai kallon sama. A aike ni sayen koko, sai a tarar da ni tsaye a bakin hanya, kwano a hannu, ina bin wani tsuntsu da ido har ya ɓace. Da na je jami'a a kudu sai na karanci yadda halittu suke zama da muhallinsu da yadda ake kare su daga ƙarewa, ba wanda ya yi mamaki. Mamakin ya zo ne ranar da na dawo gida na ce binciken digirina na dakta a kan ungulu zan yi shi, kuma a mahautar Bawku.

Mma ta ajiye muciya.

"Ungulu? Duk tsuntsayen da Allah ya halitta, Barikisu? Ga tantabara, ga zabo, ga balbela mai farin kaya."

Yayana Muniru yana wanke motonsa a tsakar gida, bai ko ɗago ba ya ce, "Ku bar ta, Mma. Mahauci za ta auro mana. Nama kyauta har mu tsufa."

Baba ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya tambaye ni me ya same su da har za a bi su. Na ce ƙarewa suke yi. Ya daɗe yana kallon rufin ɗakin Mma, sannan ya ce, "Da ina yaro, ranar Layya rufin nan baƙi yake yi da su. Ban lura da ranar da suka daina zuwa ba." Ya gyara zama. "Je ki. Abin da yake share wa mutane ƙazanta bai cancanci raini ba."

Ungulun da nake bi ita ce ƙaramar nan ta cikin gari, mai siririn baki. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, da rani, can ƙololuwar bishiya. Abin da yake cinye ta kuwa ba ɓoyayye ba ne: akwai masu sayen kanta da ƙafafunta don tsubbu, kuma Bawku gari ne na bakin iyaka, mai saye yana iya shigowa da safe ya tsallaka wata ƙasa kafin la'asar. Guba ake barbaɗawa a kayan ciki, a ajiye a bayan mahauta, a dawo da buhu. A lokacin da na je, har yanzu da sauran garke mai kyau, suna kwana a wani ƙaton maɗaci da ke bayan inda ake yanka. Amma mahauta ba su karɓe ni ba. Sun ga mace da takarda da abin hangen nesa a wuya, suka ɗauka tankas ce, irin ma'aikatan duba tsabta masu cin tara. Idan na iso sai hira ta mutu. Wani ya watso ruwan wankin tumbi daidai ƙafata, ya ce bai gan ni ba. Wata safiya kuma na tarar da fikafikai a cikin kwata, ba kawuna.

Kuka na tafi yi a Salaga, wurin Goggo Asana, yayar Mma, wadda har yau goro take sayarwa a ƙofar gidan kakanninmu. Ta bar ni na gama, tana ta yayyafa wa goronta ruwa tana juya shi a cikin ganye.

"A hannun wa kika sauka?"

"Na kama ɗaki kusa da tasha, Goggo."

"Ban tambaye ki inda kike kwana ba. Wane ne maigidanki a garin?"

Na ce ban gane ba. Ta tafa hannu, ta ce boko ya cinye jikar fatake. Sannan ta gaya mini abin da kowane yaro a gidan ya sani a da. Falke ba ya shiga gari ya baje kaya haka kawai. Wurin wani babba yake zuwa da goro, ya ce na sauka a hannunka. Daga ranar, wannan mutumin ne maigidansa: kayan baƙo amana ne a wuyansa, wanda ya taɓa su shi ya taɓa, har ranar da baƙon ya zo ya yi sallama ya ɗaure kayansa. Da haka kakanninta suka yi ta kai goro ƙasashen da ba su da kowa. Ta zaɓo mini farare manya, ta ƙunshe su a ganye, ta ɗaure da igiya.

"Ki nemi wanda in ya yi tari mahauta suke yin shiru. Kada ki je da takarda."

Sarkin Pawa, Alhaji Issaka, dattijo ne mai faɗin ƙirji, ɗan yatsansa ɗaya guntu ne, wuƙa ta ci rabonta tun yana saurayi. Hausarsa irin ta Bawku ce, ba ta raba mace da namiji, har muka rabu da "kai" yake kirana. Na durƙusa na ajiye goron, na ce ni 'yar Malam Haruna ce ta Yendi, jikar mutanen Salaga, na zo in sauka a hannunsa. Na nuna maɗacin na ce ga kayana can. Ya dubi bishiyar, ya dube ni, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Yarinya, tun da nike, ban taɓa ajiye kaya da yana tashi sama ba."

Amma ya kwance ƙunshin. Ya ɗauki goro ɗaya ya juya shi a hannu, ya ce wannan ɗaurin Salaga ne, rabonsa da ganin irinsa tun mahaifinsa yana raye. Sai ya yi tari, wuƙaƙe suka tsaya.

"Ku ji. Wannan baƙona ne. Angulu ɗin nan duka kayansa ne. Wanda ya taɓa, ni ya taɓa."

Nafisa, ban san ko zan sake samun shekaru irin waɗanda suka biyo baya ba. Kowace ranar kasuwa nakan iso da hantsi da ɗan gorona, in zauna a bencin Alhaji mu gaisa, mu tambayi gida da gajiya da ciwon gwiwarsa, kafin in ɗaga kai in fara aikina. Ba a gaggawa a bencin nan. Ungulaye suna saukowa ɗaya bayan ɗaya, suna tafiya tsakanin ƙafafun mahauta kamar tsofaffin da suka zo ɗaurin aure, kafaɗa a ɗage, ba sa neman izinin kowa. Fuskarsu fara-fara ce, amma in suka ga nama sai ta yi ja kamar ta amaryar da aka tsokana. Ba wanda ya taɓa gaya mini suna wanka. A Bawku na ga suna layi a bakin ruwa bayan sun ci, su buɗe fikafikai a rana su yi shiru. Na san sheƙunan maɗacin nan kamar ɗakunan gidanmu. Na san uwar da ba ta yarda mijinta ya daɗe a kan ƙwai, da ɗan da ya ƙi barin sheƙa har damina ta kusa. Mahauta suka sa mini suna Uwar Angulu. Wanda ya watsa mini ruwa shi ne ya koma yana tare ni tun daga bakin hanya: "Madam, ɗanka na reshen gabas ya tashi jiya, wallahi da idona na gani!" Sau ɗaya wani mutum mai takalmi mai ƙyalli ya zo ya ja Alhaji gefe. Ban ji me ya ce ba. Na dai ji Alhaji ya ɗaga murya: "Ba nawa ba ne da zan sayar. Ga mai shi nan zaune, tambaye shi." Mutumin ya dube ni, na dube shi, ya hau motonsa.

Malamin da yake duba aikina a jami'a, wanda zan kira Farfesa kawai, shi ya ce in rubuta wannan. Na rubuta yadda mahautan wani gari suka zama masu gadin ungulu, da yadda sheƙuna suka ƙaru a inda ake sa ran raguwa. Wata mujallar masana ta buga. A aikinmu akwai abin da ake kira ambato: duk sanda wani mai bincike, a ko'ina yake a duniya, ya rubuta tasa takardar ya kafa hujja da taki, sai a ƙirga miki ɗaya. Akwai shafi a intanet da yake tara lissafin a gefen sunanki. Da wannan lamba ake auna mu. Ita ake dubawa kafin a ba ki aiki, ko a ƙara miki girma, ko a ba ki abin yin bincike. Yawancin takardu haka suke kwanciya ba mai waiwayarsu. Tawa kuwa ta tashi. Masu kare giwa suka ambace ta, masu kare kunkurun teku suka ambace ta, mutanen da ba su taɓa jin warin mahauta ba suka riƙa rubuta "tsarin Bawku" kamar sunan wani magani. Wayata takan yi ƙara in ga wani a wata nahiya ya kira sunana. Ba zan ɓoye miki ba, daɗi nake ji, irin daɗin da yake sa mutum ya taka ƙasa a hankali.

Na nuna wa Baba shafin. Ya sa tabarau, ya sa na yi masa bayani har ya gane. Sai ya ce, "Ikon Allah. Mu idan ɗalibi ya sauke littafi, waɗanda ya ɗauka daga wurinsu yake jerowa, wane daga wane, har a kai ga mai littafin. Ku kuma waɗanda suka ɗauka daga wurinku kuke ƙirgawa." Ba da zargi ya faɗa ba. Ya mayar mini da wayar da hannu biyu, kamar yadda yake miƙa littafin aro.

A shekarar da nake son ba ki labari, abubuwa biyu suka zo tare. Tallafin da nake aiki da shi a Bawku ya ƙare, kuma wata jami'a a Turai ta kira ni, saboda wannan lambar. Aikin na kwamfuta ne: a haɗa bayanan ungulayen Afirka duka a zana taswirar inda suke mutuwa. Farfesa ya kira ni ofishinsa, ya rufe ƙofa.

"Barikisu, ki saurare ni. In kika zauna kina ƙirga bishiya ɗaya a gari ɗaya, takardarki ta gaba ba mai ambatonta, kuma ba mai ba ki ko kuɗin mota. In kika je can, muryarki za ta kai ɗakunan da ake yanke hukunci. Ki ceci dubbai, ko ki zauna da na bishiyarki. Irin wannan ƙofa ba ta buɗuwa sau biyu ga yarinya daga Yendi."

Ba ƙarya ya yi ba, har yau ban ce ƙarya ya yi ba. Kuma ina son tafiyar. Ina mafarkin ɗakunan karatu masu tsayin masallaci, da ganin ƙanƙara tana sauka. Mma ma tana so, don a lokacin rikicin Bawku ya sake tashi, ana ta dokar hana fita, kullum na kama hanya sai ta kasa cin abinci har in kira ta in ce na wuce gangaren Nakpanduri lafiya. Muniru ya ce shi zai riƙa kai goron, ai ba nauyi gare shi ba. Tafiya dai ta tabbata. Abin da ya rage shi ne yadda zan bar Alhaji, kuma a nan ne gidajenmu biyu, na Salaga da na Yendi, suka rabu.

Na je Salaga sallamar dangi. Goggo Asana ta ja ni ɗaki, ta rage murya kamar za ta gaya mini inda aka binne tukunya.

"Kada ki yi masa sallama."

"Goggo, mutumin da ya riƙe ni kamar 'yarsa?"

"Shi ya sa. Muddin baƙo bai yi sallama ba, kayansa suna wuyan maigida, ko shekara nawa ya yi. Kakanki in zai wuce gaba, tabarmarsa yake bari a ɗakin, da buta. Kowa ya gani ya san mai ɗaki yana dawowa. Ki bar abin hangen nan naki a rataye a rumfarsa, ki ce za ki je Tamale ki dawo. Ai ba ƙarya ba ce, ta Tamale za ki bi."

Na dawo Yendi da wannan shawara a ƙirjina, tana yi mini daɗi tana yi mini nauyi. Na gaya wa Baba bayan ɗalibai sun watse, ina zaton zai yi murmushi. Bai yi ba.

"Asana 'yar fatake ce, ta gaya miki dabarar fatake. Amma su kakanninta watanni suke yi su dawo. Ke kin san ranar dawowarki?"

Na ce ban sani ba.

"To za ki ɗaura wa dattijo amana, ki tafi da bakin igiyar. Ya yi ta faɗa da mutane a kan kayanki, ya ɓata da 'yan'uwansa, yana duban hanya. In ajalinsa ya zo, ya tafi da nauyin da bai san an bar masa ba. Ki je ki gaya masa gaskiya. In ya ga dama ya ci gaba don Allah, ladansa ne. Amma ya san abin da ya ɗauka."

Mma tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa, ta ce, "Malam, tsuntsaye ne fa."

"Ba tsuntsayen nake ji ba. Mutumin nake ji."

Na yi kwanaki ina juya maganganun nan biyu. Na san ta Goggo ce za ta tsare bishiyar. Na san ta Baba ce zan iya kallon Alhaji da ita. Na yi istihara ban ga komai ba sai fuskar dattijon yana leƙen hanya. Daga ƙarshe na ɗauki goro mafi kyau da na taɓa kai masa, na hau mota.

Ranar kasuwa ce, mahauta cike. Na durƙusa a inda na durƙusa da farko, na ce na zo sallama, an kira ni aiki a Turai, ban san ranar dawowa ba. Na gode masa da riƙon da ya yi mini. Na ji wuƙaƙe suna tsayawa ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya yi tari ba. Alhaji bai taɓa ƙunshin ba tukuna. Ya dube ni da idanun nan nasa masu jan jijiya.

"Wa ya ce ka zo ka faɗa a gaban mutane?"

"Babana ya ce in gaya maka gaskiya."

"Babanka malami ne." Ya yi ajiyar zuciya. "Da ka tafi shiru, da na ce musu ka je kasuwa. Shekara goma sai in ce ka je kasuwa. Wa zai ce na yi ƙarya? Yanzu kowa ya gani."

Na ce Muniru zai riƙa zuwa. Ya girgiza kai.

"Goro na aike, ci ake yi. Ba ya zama a benci." Sai ya kwance ƙunshin, ya raba wa mahauta kamar yadda ake yi, ya ɗaga hannu ya yi mini addu'a doguwa, suka shafa. Da zan tashi ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ni ba zan taɓa su ba, Uwar Angulu. Inda idona ya kai, ba mai taɓawa. Amma idona ya tsufa."

Ban ɗaga kai na dubi maɗacin ba da zan fita. Na san in na duba ba zan hau motar ba.

Na ga ƙanƙara. Ta fi kyau a mafarki, amma na gan ta. Na zauna a ɗaki mai ɗumi na zana taswirori, kuma taswirorin sun yi aiki. An kai su tarurruka, na ji an ce wasu ƙasashe sun tsaurara doka a kan gubar. Ina so ki san wannan ma, don kada ki ɗauka tafiyar banza na yi. Lambar da ke gefen sunana ta yi ta hawa. A can na haɗu da babanki, a can aka haife ki. Amma sararin samaniyar garin ba kowa a cikinsa sai farin tsuntsun teku mai kukan jariri. Nakan tsaya a tashar jirgin ƙasa in ɗaga kai, in nemi baƙin ɗigon nan da yake kewayawa ba ya kaɗa fiffike, har wani ya taɓa kafaɗata ya tambaye ni ko lafiya. Wani lokaci warin shagon nama kawai zai sa in tsaya a bakin titi, hawaye yana daskarewa a fuskata.

Muniru ya cika alkawari iya ƙarfinsa. Ya kai goro, aka karɓa, aka gode, aka tambayi lafiyata. Daga baya hanya ta lalace da tsoro, Mma ta hana shi, ni ma na hana shi. Ina kiran Alhaji a waya, amma shi ba mutumin waya ba ne, sai ya yi ta ihu "Lafiya lau! Lafiya lau!" kamar yana kiran wani a ƙetaren kogi. In na tambayi bishiyar sai ya ce, "Suna nan kaɗan-kaɗan." Wata ranar Talata ina tsakiyar koyarwa saƙo ya shigo cewa Alhaji Issaka ya rasu. Da na fito na sake duba wayar, sai ga wani saƙon a ƙarƙashinsa: an ambaci takardar Bawku a wani sabon bincike.

Bana na kawo ki gida a ga dangi. Da aka ce hanya ta yi sauƙi, na bar ki wurin Mma, na biya Salaga. Goggo ta ɗaure mini goro, ko "na gaya miki" ba ta ce ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Na isa Bawku da hantsi. Maɗacin yana nan, ya ƙara girma ma. Na tsaya a ƙarƙashinsa na bi rassan ɗaya bayan ɗaya. Reshen gabas akwai 'yan tsinken sheƙa da iska ba ta gama kwashewa ba. Bayan mahauta, inda ungulaye suke layin wanka a da, karnuka ne kwance, ga ƙudaje kamar hayaƙi.

Ɗan Alhaji, Seidu, shi ne Sarkin Pawa yanzu. A kudu ya yi rayuwarsa, bai san ni ba sai a labari. Mutumin kirki ne. Ya sa aka goge mini benci, ya ce ai bara ma wasu baƙi sun zo da mota mai tuta, da takardata a hannu, suna neman a nuna musu tsarin Bawku.

"Me kuka nuna musu?"

"Benci ɗin nan. Sun ɗauki hotonsa."

Na tambaye shi yaushe ungulayen suka ƙare. Ya ce ba rana ɗaya ba ce. Tsoho yana kwance ba lafiya aka fara kashe su, ba wanda ya gaya masa. Bai faɗi sunan kowa ba, ni ma ban tambaya ba. Wasu daga cikin masu sara a rumfunan na san su, sun gaishe ni da sunana na da, ba su haɗa ido da ni ba.

Sai na yi abin da na zo yi. Na sauko daga bencin na durƙusa, na ajiye goron a gabansa, na ce ni 'yar Malam Haruna ce ta Yendi, baƙuwar mahaifinsa, na dawo in sauka a hannunsa. Seidu ya ji kunya, ya ce in tashi, in tashi. Ya san al'adar, ya ga ana yi tun yana yaro. Ya riƙe ƙunshin a hannu, ya dubi bishiyar, ya dawo da idonsa kaina. Ba da izgili ya yi tambayar ba, so yake ya san abin da zai ɗauka.

"Na karɓa, Hajiya. Amma ina kayan?"

Na dubi maɗacin, babu ko ɗaya a kansa. Sai ya fasa goro ɗaya ya miƙo mini rabi, ya ce in zauna in huta, rana ta yi zafi.

Na zauna, Nafisa. Aka gama yanka, aka gama fiɗa, aka wanke wuƙaƙe. Wani ya ɗauko kwanon kayan ciki ya watsa a bayan rumfa, a daidai wurin da ake watsawa tun da. Na ɗaga kai ina jira, har inuwar maɗacin ta bar bencin.